Idan Rimot Ɗin Mota Ya Ƙi Amsawa: Lacca ga Direbobi da Kanikawan Kabo



Duk wanda ya daɗe yana zama bakin titin da ya taso daga Kano, ya bi ta Rimin Gado, ya ratsa Kabo ya nufi Gwarzo da Dayi, ya ga yadda motoci suka sauya a gabansa. A da Peugeot 504 ce ke mulkin wannan hanya, irin wadda ake harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Makullinta ƙarfe ne zalla. Idan ya ɓata, mai yankan makulli ya gama magana cikin minti kaɗan. Yau Corolla ce da Camry da Accord da Sienna da Vibe, mafi yawansu 'yan Beljiyam da aka yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin su iso nan, kuma kusan kowacce tana zuwa da makulli mai rimot. Wasu ma ba su da ramin makulli a jikin sitiyari, sai maɓalli da ake dannawa mota ta tashi.

Daɗin abin a fili yake. Wahalarsa kuma takan zo a wurin da ba a so: mutum ya je ɗaurin aure Garo, ko ya kai iyali gaisuwa Getso, ya fito ya danna rimot, mota ta yi shiru. Masu na'urar da ke haɗa makulli da mota galibinsu suna cikin birnin Kano. Kafin a kai ga tunanin su, an riga an kira mai wayarin, ya zo da filaya, ya fara yanke wayoyi. A nan ne matsalar da ba ta fi kuɗin ƙaramin batir ba ke komawa gyaran dubban nairori. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne, akwai jerin abubuwan da ake dubawa kafin a taɓa waya ko ɗaya, kuma mafi yawansu mai motar da kansa zai iya duba su a inda yake tsaye.

Makullin zamani abubuwa uku ne aka haɗa a kwanso ɗaya, kuma kowanne aikinsa daban. Akwai rimot, wato ƙaramar na'urar rediyo da ke aika saƙo a buɗe ko a kulle ƙofa, ita ce ke cin batir. Akwai ƙarfen makulli, wanda a irin motocin maɓalli yake ɓoye a cikin kwanson, sai an ture wani ɗan mariƙi a zaro shi. Sannan akwai wani ƙaramin cif da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa wannan makullin na gida ne, a bar inji ya tashi. Wannan cif ɗin ba ya dogara da batirin rimot. Wani zoben waya ne da ke kewaye da ramin makulli, ko bayan maɓallin tayarwa, yake ba shi ɗan ƙarfin da zai amsa idan an kawo shi kusa. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa mutuwar batirin rimot ba ta hana mota tashi.

Ba a rana ɗaya aka haɗa waɗannan abubuwa ba. Kamfanin Renault na Faransa ne ya fara sayar da mota mai rimot ɗin ƙofa a 1982, wato Fuego, kuma da haske irin na rimot ɗin talabijin take aiki, sai an saita hannu sosai. A 1998 Jamus ta wajabta wa sababbin motoci na'urar hana tayarwa saboda yawan sata, a shekarar ce kuma Mercedes ta fito da makullin da ake bari a aljihu a babbar motarta S-Class. Abin da ya fara a motar attajirai shi ne yanzu a hannun direban haya.

Abu na farko idan rimot ya yi shiru shi ne a gwada makulli na biyu, idan akwai. Idan na biyun ya buɗe, laifin yana jikin na farkon, motar lafiya take. Idan duk biyun sun ƙi, sai a karkata ga motar ko ga wurin da take tsaye. Wannan gwaji kaɗai ya raba matsalar gida biyu ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Daga nan sai batir, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin shi ne mafi yawan laifi. Batirin rimot ɗan faifai ne mai bolt 3, kuma lambar da ke jikinsa girmansa take faɗa. CR2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. CR2016 faɗinsu ɗaya da shi, amma kaurinsa rabi ne. Wasu makullan Toyota suna ɗaukar CR1632, Honda da yawa kuma CR1616. Mai shago yakan ce ai duk ɗaya ne tunda ya shiga ramin. Ba ɗaya ba ne. Siririn batir a mazaunin mai kauri yakan yi lilo, yau ya taɓa ƙarfe gobe ya ƙi, mai mota ya yi ta zargin aljanu ko zargin bakanike. Batirin da ke shirin mutuwa yakan ba da sanarwa tun da wuri: tazarar da rimot ke ji tana raguwa, daga nesa ta koma sai an matso jikin ƙofa, ko sai an danna sau biyu sau uku. Motocin maɓalli sukan rubuta gargaɗi a gaban direba, amma da Turanci, shi ya sa da yawa suke wucewa ba su kula ba. Makullin aljihu ya fi saurin cinye batir fiye da rimot na dannawa, domin kullum a farke yake yana sauraron kiran mota. Shekara ɗaya zuwa biyu ya isa a sauya masa.

Sabon batir ma ba hujja ba ne. Wanda ya shekara a kan tebur cikin zafin watan Afrilu, ko jabu mai sunan babban kamfani, zai iya zama matacce tun cikin kwalinsa. Kowane mai gyaran waya a Kabo yana da mita. A sa masa ya auna. Sabo mai kyau yakan nuna sama da bolt 3 kaɗan, wanda ya faɗi ƙasa da haka sosai a ajiye shi. A lura da ɓangaren da ke da alamar tarawa, a mayar da shi yadda aka tarar da tsohon. A duba ƴan ƙarafan da ke riƙe batirin, sau da yawa sun lanƙwashe ne ko sun yi tsatsa, ɗaga su kaɗan da goge su ya wadatar. Idan maɓalli ɗaya ne ya mutu sauran suna aiki, to ƙafarsa ce ta saki daga allon ciki, mai gyaran waya zai narka dalma ya liƙe.

Akwai wata magana da ta fi motar muhimmanci. Tsohon batir kada a jefar da shi a tsakar gida ko a ƙasan gareji. Yaro ƙarami yana ganinsa zai kai baki, kuma idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙone shi cikin awa biyu, ko da batirin ya daina tayar da rimot. Yaron da ake zargin ya haɗiye shi, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jira a ga alama.

To idan babu batir a kusa, yaya za a shiga? Da ƙarfen nan da ke ɓoye. A wasu motoci ramin makullin ƙofar direba a rufe yake da ɗan murfin roba a ƙarshen mariƙin ƙofa, sai a sa bakin ƙarfen ta ƙasa a ɓalle shi a hankali. Abin takaici shi ne, ramin da aka shekara uku ba a sa masa makulli ba ƙurar hunturu ta cika shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi juyawa. Maganinsa a riƙa buɗe ƙofar da hannu ko sau ɗaya a wata. Idan ƙararrawa ta ɗauka bayan an buɗe, kada a firgita, takan yi shiru da zarar mota ta gane makullinta. A motocin Toyota masu maɓalli, direba zai taka birki, ya manna bayan makullin mai tambarin kamfani a jikin maɓallin tayarwa, ya ji ɗan sauti, sannan ya danna. Wasu Nissan Altima suna da rami a gefen hagu na sitiyari da ake cusa makullin gaba ɗaya. Kowace mota tana da irin wannan hanya, kuma ya kamata mai ita ya gwada tun ranar da komai ke lafiya.

Idan rimot lafiya yake, sai a tambayi babban batirin mota. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Wanda ya sauka sosai ba zai iya motsa makullan ƙofa ba, balle ya tayar da inji. Fitilar cikin mota da ke ci dishi-dishi ko hon mai rauni sun isa shaida. Sau da yawa ma batirin bai mutu ba, kansa ne ya saki ko farin gari ya taru a kai. Motar da aka ajiye kwanaki da yawa kuma takan rage sauraro don kada ta cinye batir. A Toyota da yawa, bayan mako biyu ba a taɓa ta ba, mariƙin ƙofar direba kaɗai ke amsa makullin aljihu.

Wani lokaci mota ta ji saƙon sarai, ƙin bi ta yi da gangan. Da yawa ba sa kullewa idan suna ganin akwai ƙofa a buɗe, ko but bai rufu ba, ko makulli yana cikin raminsa, ko wani makullin aljihu yana cikin motar. Ɗan maɓallin da ke gaya wa mota ƙofa ta rufu idan ya lalace, fitilar ƙofa za ta ci gaba da ci a gaban direba, rimot kuma ya zama kamar ya mutu. Sababbin makullan Toyota suna da yanayin barci: idan aka riƙe maɓallin kullewa aka danna na buɗewa sau biyu, makullin ya daina sauraron mota har sai an sake danna wani maɓalli. Yaro mai wasa da makullin babansa zai iya yin wannan ba da saninsa ba.

Ido da kunne suna da aiki a nan. Idan an danna, sigina ta haska amma ƙofa ba ta motsa ba, to rimot da na'urar karɓar saƙo duk sun yi nasu, laifin yana gaba: fiyus, ko ƙaramin injin da ke tura makullin ƙofa. Idan ƙofa uku sun buɗe ɗaya ta ƙi, injin waccan ƙofar ne, kuma shi kaɗai za a sauya. Idan maɓallin kulle ƙofofi na jikin ƙofar direba shi ma ya daina aiki, a leƙa cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa har su karye. Motar haya da ake buɗe ta sau ɗari a yini tsakanin Kabo da Kano ta fi kowa wannan ciwo.

Akwai kuma lokacin da babu laifin makulli, babu na mota, wurin ne. A 2019, a garin North Olmsted na jihar Ohio a Amurka, mazauna wata unguwa sun yi makonni rimot ɗin motocinsu da na ƙofofin garejinsu ba sa aiki a gida, amma da sun bar unguwar komai ya dawo daidai. Sun sauya batura a banza. Kamfanin lantarki har ya kashe wutar layin don gwaji, abin bai daina ba. Daga ƙarshe aka gano wata na'ura da wani mazaunin unguwar ya haɗa da hannunsa a gida, mai aiki da batir, tana watsa saƙo ba tsayawa a kan zangon megahaz 315, zangon da motocin Amurka ke saurare. Da aka cire mata batir, unguwa ta huta. Irin wannan yana faruwa a ƙaramin mataki kusa da turken sadarwa ko gidan rediyo, ko daga cajar waya mai arha da aka bari a jikin mota, ko ƙwan fitila na LED marar kyau. Wayar hannu da ke aljihu ɗaya da makulli ita ma takan tare shi. Idan rimot yana ƙi a wuri guda kullum, a matso da shi jikin gilashi, a cire caja, ko a buɗe da ƙarfe a matsar da motar gaba.

Ɓarayi sun san wannan rauni. A Afirka ta Kudu an daɗe ana gargaɗin direbobi kan masu tsayawa a wurin ajiye motoci da na'urar da ke danne saƙon kullewa. Mai mota ya danna ya juya baya, ƙofa a buɗe. Wanda ya ajiye mota a Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya ja mariƙin ƙofa da hannunsa kafin ya tafi. A 2011 masu bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurich sun gwada motoci 10 na kamfanoni 8 masu makullin aljihu, suka buɗe su duka suka tayar da su ta hanyar miƙa saƙon motar zuwa inda makullin yake daga nesa. Saboda haka makullin aljihu ba a rataye shi a bakin taga ko a zaure kusa da inda mota ke kwana.

Batun zango ya kawo mu ga kuskuren da ake yawan yi a kasuwa. Motocin da aka ƙera don Amurka galibi suna aiki a kan megahaz 315, na Turai kuma a kan 433. Nijeriya tana karɓar mota daga ɓangarorin biyu, don haka Corolla biyu masu shekara ɗaya da launi ɗaya za su iya tsayawa a tashar Kabo kowacce da zangonta. Rediyon da aka saita a kan Freedom 99.5 ba zai kamo wata tasha ba komai ƙarfinta, haka mota take da rimot ɗin da ba na zangonta ba. Mutum ya je Ƙofar Ruwa ya sayo rimot mai kama da nasa sak, mai na'ura ya yi ta fama har yamma bai shiga ba. A bayan rimot ɗin motocin Amurka akwai lambar da aka rubuta bayan haruffan FCC ID. Ita ake kwatantawa, ba siffar kwanso ba. A jikin ƙarfen makullin Toyota kuma akan ga ɗigo, ko harafin G, ko H, kowanne cif ɗinsa daban. Makullin aljihu na hannu da aka ciro daga wata mota yakan zo a ɗaure da tsohuwar motarsa, sai an goge shi da na'ura kafin wata ta karɓe shi. Duk wannan a tambaya kafin a biya kuɗi.

Saƙon da rimot ke aikawa kuma ba ɗaya ba ne kullum, lambar tana sauyawa duk dannawa, mota da makulli suna ƙirga tare. Ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren wannan, KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi a kamfanin Nanoteq, kafin Microchip na Amurka ya saye shi a 1995. Idan aka yi ta danna rimot nesa da mota, ko ya daɗe babu batir, ƙirgar takan rabu. A Peugeot da yawa irin su 206 da 307 gyaran bai wuce a sa makulli, a kunna wuta ba tare da tayar da inji ba, a riƙe maɓallin kullewa na ƴan daƙiƙoƙi, a kashe a zare. Wasu motocin sai an jona na'ura.

Ruwa kuwa maganarsa gajera ce. Makullin da ya shiga wanki ko ya faɗa kwata wajen alwala, a cire batirinsa nan da nan, a goge allon da sifirit, a bar shi ya bushe a inuwa. Ruwan da ya fi wahala shi ne wanda motar ta sha kafin ta zo. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas, kuma irin waɗannan motoci ana gwanjonsu su bazu ƙasashe. Tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da warin danshi a kafet alama ce cewa wayoyi da akwatunan lantarki za su riƙa ba da matsala iri-iri, rimot ɗaya ne kawai daga ciki.

Yanzu ga abin da ya fi ci wa mai wannan lacca rai. Motoci da yawa a nan an ƙara musu ƙararrawa ko na'urar bin sawu ko maɓallin sikiriti na ɓoye, an fere wayoyin asali an murɗa an naɗe da salatif. Bayan damina biyu mahaɗin ya yi tsatsa, ƙofofi su fara kulle kansu, batir ya riƙa ƙarewa cikin dare. Mafi muni shi ne abin da ake yi idan cif ya ba da wahala: a ciro shi daga makulli a manna shi dindindin a jikin zoben sitiyari, ko a kashe na'urar hana tayarwa gaba ɗaya. Mota za ta tashi, gaskiya ne. Amma daga ranar duk wani ƙarfe da zai iya juya ramin zai tayar da ita, kuma mai motar ya biya kuɗi ne aka cire masa kariyar da ta fi kowacce amfani a jikinta. Ogannin gareji, ku hana yaranku wannan aiki. Bakaniken da ya ce wannan ya wuce sanina, a kai wa mai na'ura, ya fi wanda ya yanke waya goma yana lalube daraja.

Mai na'ura aikinsa ta wani soket yake bi mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Idan akwai makulli ɗaya mai aiki, ƙara na biyu a motoci da yawa aikin ƙasa da awa ne. Idan duka sun ɓata, sai an janyo motar ko an ɗauko ma'aikacin daga Kano, wani lokaci a ciro ƙwaƙwalwar a sake rubuta ta, kuɗin ya ninka sau da yawa. Mafi yawan 'yan Beljiyam kuma da makulli ɗaya suke zuwa, sauran suna can hannun wanda ba a sani ba. Wanda ya sayi mota ta hannu a cikin gida, ya sa a goge duk makullin da ba ya hannunsa daga ƙwaƙwalwarta. Shi ma mai na'ura ya nemi takardun mota kafin ya yi wa baƙo makulli, don kada a yi sata da hannunsa.

Matasan Kabo da Gwarzo masu gyaran waya sun riga sun iya karanta mita, sun iya riƙe dalma, sun saba da ƙananan alluna. Abin da ya rage musu kaɗan ne su koyi wannan sana'a, kuma motocin da ke buƙatarta kullum ƙaruwa suke a kan wannan titi. Ƙungiyar direbobi da ta kanikawa za su iya haɗa kuɗi su tura yaro ɗaya ko biyu Kano su koyo, a saya musu na'ura, a daina jan mota zuwa birni saboda makulli.

Masu motoci kuma, duk wanda ke yawo da makulli ɗaya, ya yi na biyu tun wannan yana aiki, ya ajiye shi a gida. Ya buɗe rimot ɗinsa yau ya karanta lambar batirin, ya sayi ɗaya ya sa a aljihun mota, ya zaro ƙarfen ya gwada shi a ƙofa kafin ya bar wurin nan. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a.